Amsar Takardunku: Gwajin Fata Domin Allurar Hoton Asibiti, Wa Ake Yi Wa Kuma Yaushe?

 Takardar wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah, manomi kuma mai awon hatsi a kasuwar garinsu, wanda ya roƙi a sakaya sunansa.

Ya ce watanni 3 da suka wuce ya yi fama da ciwon kwiɓi da fitsarin jini, har aka tura shi babban asibiti a ɗauki hoton ƙodarsa. Kafin hoton aka yi masa allurar wani ruwa ta jijiya. Ba a yi minti 10 ba sai jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi, borin jini ya feso masa, leɓɓansa suka kumbura, ƙirjinsa ya riƙe, sai da aka yi masa wata allurar sannan ya dawo hayyacinsa. Yanzu likita ya ce akwai bukatar a sake hoto. Malamin yana tambaya, don me ba a gwada shi tun farko ba, kamar yadda ake ɗan ɗiga allurar ATS a fata a jira, in fartanya ta sari mutum ko ƙusa ta soke shi? Akwai gwajin da zai nuna ko abin zai sake faruwa? Kuma gaskiya ne abin da abokan cinikinsa ke faɗa, wai cin kifi da gishiri mai aidin ne suka jawo masa? A ƙarshe ya ce shi kam ya yanke shawara ba zai koma ba.

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya ƙara sauƙi. Amsa a taƙaice ita ce, gwajin yana nan, a fata ake yinsa, kuma irinka aka yi shi dominsu, wato wanda jikinsa ya riga ya taɓa ƙin wannan ruwa. Sai dai yana da lokaci, kuma lokacin naka yana tafiya. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe, domin akwai masu sauraro da yawa da za a tura hoto gobe ko jibi.

Hoton ƙashi, wanda wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a shekarar 1895, ƙashi yake nunawa sosai, don ƙashi yana tare hasken. Ƙoda da mafitsara da hanji da jijiyoyin jini kuwa, hasken ratsa su yake yi ya wuce, sai su fito dishi-dishi. Shi ya sa aka nemo ruwan da in ya shiga waɗannan wurare zai tare hasken, su fito fes. Wasu ma'aikatan asibiti suna ce masa rini, amma kada ku ɗauka baba ne ko shuni. Fari ne tas kamar ruwan sha, a hoto kaɗai yake bayyana. Mu a nan za mu kira shi ruwan hoto. Wanda ake yi ta jijiya domin hoton ƙoda ko hoton na'urar CT, sinadarin aidin ne a ƙulle a cikinsa. Irinsa ne kuma ake ɗura wa mata ta bakin mahaifa in ana binciken rashin haihuwa, a ga ko hanya a toshe take. Na hoton MRI dabam ne, da wani ƙarfe ake haɗa shi mai suna gadoliniyam, an fara amfani da shi a 1988. Akwai kuma farin nan mai kauri kamar kunu da ake sha domin hoton ciki da hanji, shi ma nasa gidan dabam.

Wani matashin likita ɗan Amurka, Moses Swick, shi ne ya fara ɗaukar hoton ƙoda da irin wannan allura yadda ya kamata, a birnin Balin na Jamus a 1929. Ruwan hoto na farko-farko yana da ƙarfi ainun, yana janyo ruwan jiki zuwa cikin jijiya kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan nama, shi ya sa yake wahalar da mutane. A 1969 wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Torsten Almén, ya kawo dabarar yin sabon iri mai sauƙi. A 1990 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a Japan kan allurai sama da dubu 337. Da tsohon irin, mutum 12 zuwa 13 cikin ɗari sun sami wata 'yar damuwa, da sabon kuwa kamar mutum 3 cikin ɗari. Waɗanda abin ya yi wa tsanani, da tsohon irin mutum 22 ne cikin dubu 10, da sabon mutum 4 cikin dubu 10. Ke nan Malam, abin da ya same ka ba kowa yake samu ba. Tsohon irin, kamar wanda ake kira Urografin, har yanzu ana samunsa a wasu wurare saboda arharsa, don haka ba laifi ba ne majiyyaci ya tambayi wane iri za a yi masa.

A nan akwai abin da ya kamata a rarrabe, don mutane da yawa suna ruɗewa. In an yi allurar, kusan kowa yakan ji ɗumi ya ratsa shi daga wuya har mara, wani ya ji kamar ya saki fitsari alhali bai saki ba, wani ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko ɗan tashin zuciya. Wannan duk ba ƙin magani ba ne, minti kaɗan yake yi ya wuce, kuma ba ya bukatar wani gwaji. Ƙin magani na gaskiya shi ne ƙaiƙayi da borin jini, kumburin leɓe ko ido ko harshe, shaƙewar murya, numfashi mai ƙara kamar na mai asma, jiri ko suma. Irin wannan a cikin sa'a guda yake zuwa, galibi ma a mintocin farko. Shi ya sa ake cewa mutum ya zauna kamar rabin sa'a bayan hoto, da allurar nan ta ƙarin ruwa a hannunsa ba a cire ba. Masu hanzarin a kama motar kasuwa, ku yi haƙuri da wannan rabin sa'a. Maganin da ke ceton rai in abin ya tsananta allurar adirenalin ce a cinya, a asibiti take, ba ta cikin mota.

Akwai kuma mai zuwa a makare, daga sa'a guda har zuwa mako guda, wani lokaci ma ya ɗan haura. Shi ƙuraje ne ƙanana masu ƙaiƙayi kamar na ƙyanda. Mutum ya riga ya koma gida, sai ya ɗora laifin a kan zafi ko abinci ko wani abin dabam, bai kawo hoton da aka yi masa shekaranjiya a ransa ba. Yawancinsa yakan warke cikin mako ɗaya ko biyu, amma in fata ta fara saɓulewa, ko baki da ido suka yi gyambo, ko zazzaɓi ya biyo baya, a koma asibiti a ranar.

Yanzu ga tambayarka ta farko, don me ba a gwada ka tun farko ba. Ai an taɓa yin hakan, an kuma bari. A da likitoci sukan ɗan zuba kaɗan a jijiya su jira su gani. Sai aka lura wani yakan wuce ɗan gwajin lafiya lau, a ba shi cikakken ruwan kuma ya faɗi, wani kuma ɗan gwajin ne da kansa yake kayar da shi. An sake jarrabawa da gwajin fata a ƙasar Koriya ta Kudu, aka yi ta gwada mutanen da ba su taɓa samun matsala ba kafin a yi musu hoto, aka tarar gwajin bai iya tsamo waɗanda jikinsu ya zo ya ƙi ruwan ba, sai ma ya tsoratar da waɗanda ba abin da zai same su. Saboda haka ma'aikatan da ba su gwada ka ba a karon farko ba su yi sakaci ta wannan fuska ba. Abin da ke kansu shi ne su yi tambaya kafin allura, su kuma ajiye maganin gaggawa kusa.

Dalilin da ya sa haka yana da ɗan ban sha'awa. A cikin fata da hanyar numfashi akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gadi, cike suke da wani sinadari mai suna histamin, wanda in suka sake shi yake kawo ƙaiƙayi da kumburi. Hanya biyu ce suke sakinsa. Wani lokaci jiki ne ya riga ya shaida wannan ruwa a matsayin abokin gaba, ya ajiye alamarsa, da zarar ya gan shi sai faɗa. Wani lokaci kuwa babu wata tsohuwar gaba, yawan ruwan da ya shigo a lokaci guda ne kawai ya firgita masu gadin suka yi ɓarin abin da ke hannunsu. Gwajin fata na farkon yake kamawa, na biyun ba ya ganinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo kan sakamako.

To yaya ake yin gwajin? Likitan fata ko masanin borin jini ne ke yi, a asibitin da ke da kayan taimakon gaggawa. Ba aikin kemis ba ne, ba kuma aikin mai allurar unguwa ba ne, komai ƙwarewar hannunsa. Za a zaunar da kai, a buɗe cikin hannunka tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a yi alamomi da biro a jere. A kan kowace alama a ɗiga ɗigo guda: ga ruwan hoton da ake zargi, ga waɗansu ire-iren da asibitin yake da su, ga ruwan gishiri wanda bai kamata ya tayar da komai ba, ga kuma histamin ɗin nan wanda dole ya tayar. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne kamar mudun da ake auna sauran da shi. In ruwan gishiri ya kumbura, fatar mutum ce mai saurin fushi, ba a yarda da sakamakon. In histamin bai kumbura ba, akwai abin da ya danne fatar, nan ma ba a yarda. Sai a ɗauki ɗan tsinke mai kaifi a ɗan taɓa fatar ta cikin kowane ɗigo, ko jini ba ya fita. A jira minti 15 zuwa 20. Inda ya yi tudu kamar cizon sauro, faɗinsa ya kai milimita 3, wato kamar ƙwayar dawa, to jiki ya shaida wannan.

In mataki na farko bai nuna komai ba, sai a shiga na biyu. A surka ruwan hoton, kashi 1 a cikin 10, a ɗauki 'yar siririyar allura a tura ɗan mitsitsi cikin fatar kanta har ya yi ɗan ƙululu, a zagaye shi da biro, a sake jiran minti 20 a ga ko ya ƙaru. Surkin nan yana da muhimmanci, domin in aka tura shi da ƙarfinsa yakan iya tayar da fatar mai lafiya ma, a yi wa mutum shaidar zur. Littattafan Turawa suna yawan maganar jan da wurin ke yi, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka tudun ake dubawa, a shafa da yatsa, a auna da rula a wuri mai haske.

Mai ƙurajen da suka zo a makare kuwa, nasa gwajin ma a makare yake ba da amsa. Ana sake duba wurin allurar bayan kwana 2 da kwana 3, wani lokaci har mako. Akan kuma manna masa ruwan a gadon baya da filasta ya kwana 2 ba a jiƙa ba. Wanda zai taso daga ƙauye sai ya yi shirin masauki a birni, ko kuɗin mota na zuwa biyu ko uku.

Sai maganar lokaci, kuma Malam a nan nake so ka kasa kunne da kyau. Ba a yin gwajin da zafi-zafi, ana bari a sami kamar mako 4 zuwa 6, don masu gadin nan sun zubar da abin da ke hannunsu, sai sun sake cikawa. Ba a kuma bari ya daɗe, don jiki yakan manta. Wani bincike da asibitocin Turai suka haɗu suka yi kan majiyyata 220, aka buga a 2009 ƙarƙashin jagorancin Dakta Knut Brockow na birnin Munik, ya nuna cewa waɗanda aka gwada tsakanin wata 2 zuwa wata 6 bayan abin ya faru, kusan rabinsu gwajin ya kama. Waɗanda aka gwada bayan wannan lokaci kuwa, kamun ya ragu ƙwarai. Kai kana wata na 3. Na san halinmu, komai sai a ce a bari sai kaka, in an sayar da amfanin gona. Wannan dai in aka bari sai an ga dama, za a je a biya kuɗi a dawo da amsar da ba ta da ƙarfi.

Kafin ranar gwaji akwai abubuwan da ke ɓata shi. Na farko Piriton da danginsa, magungunan ƙaiƙayi da mura, har da na tari na ruwa da yawa, don akwai irin sinadarin a ciki. Ana dakatar da su kwana 5 zuwa mako guda, yadda likita ya tsara. Na biyu ƙwayoyin nan irin su dexamethasone da prednisolone da ake saye a kemis barkatai, wasu don ciwon jiki, wasu don ƙiba. Wanda ya daɗe yana shansu kada ya yanke su rana ɗaya da kansa, akwai haɗari, ya gaya wa likita. Na uku, kuma wannan ya fi shafar iyayenmu mata, mayukan bilicin. Da yawansu akwai irin wannan magani a ciki, yana kashe kaifin fata, gwaji ya fito ba komai alhali akwai. Ba tonon asiri ba ne, a faɗa wa likita kawai. Mai asma da mai shan maganin hawan jini ko na zuciya su zo da kwalayen magungunansu a gani. Mai juna biyu akan jinkirta mata sai ta sauka.

In gwaji ya kama wani iri, an san shi ke nan, ba za a ƙara yi maka shi ba, haka duk wani da ya kumbura tare da shi. Wasu ire-iren 'yan ɗaki ɗaya ne, alal misali iohexol da iodixanol, sau da yawa wanda ya ƙi ɗaya yakan ƙi ɗayan. Babban amfanin gwajin a ganina ba gano mai laifi ba ne, gano wanda bai kumbura ba ne, don shi za a ɗauka a yi maka hoton da shi, kuma yawancin waɗanda aka yi wa haka suna wucewa lafiya. A wasu asibitoci sukan ma fara ba da shi kaɗan-kaɗan ta jijiya suna kallo, kafin ranar hoto. In kuwa duka ba su kumbura ba, ku tuna da hanya biyun nan da muka faɗa. Ba a ce maka ƙarya ka yi ba, ba a kuma ce ka kuɓuta ba. Wanda ya taɓa ƙin ruwan hoto, haɗarin sakewa a gare shi ya ninka na sauran jama'a kamar sau 5, don haka ko gwaji ya fito fari, ana canja iri, a yi hoton a shirye.

Batun kifi da gishiri kuwa, a gaya wa abokan ciniki su kwantar da hankalinsu. Wannan magana ba a kasuwa ta fara ba, likitoci ma sun daɗe suna tambayar mutane ko suna cin kayan teku, kafin bincike ya rushe ta. Jiki ba ya ƙin aidin, don yana cikin jikin kowa, da shi wani ƙulli da ke gaban wuya yake aiki, rashinsa ne ke kawo maƙoƙo. Shi ya sa aka wajabta sa shi a gishiri a Nijeriya tun farkon shekarun 1990. Abin da jiki ke ƙi a ruwan hoto shi ne ginin maganin gaba ɗaya, ba aidin ɗin da ke ciki ba. Wanda kifi ko kirifish ke sa wa borin jini kuma, wani abu ne a cikin tsokar naman yake ƙi. Haka ma aidin da ake shafa wa rauni, ba ruwansa da wannan. Malam, ci kifinka, kada kuma a cire gishiri mai aidin daga miyar yara a kan jita-jita.

Wani zai ce ai akwai maganin da ake sha kafin hoto don rigakafi. Akwai, akan ba da shi saura sa'a 13, da saura sa'a 7, da saura sa'a 1. Amma an gano ba ya tare mai tsanani yadda aka zata, mutum yakan sha kuma abin ya auku. A 2025 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ta masana borin jini suka fitar da matsaya guda: wanda nasa ya tsaya a 'yan ƙuraje, canja iri ya fi masa shan maganin. Wanda nasa ya yi tsanani, a fara neman wata hanyar hoton, in babu sai a canja iri, a haɗa da maganin, a kuma yi a asibitin da ke da masu taimakon gaggawa. Likitocin Turai su suka fi ba gwajin fata ƙarfi, amma a kan canja iri bakin kowa ɗaya ne.

Canja iri kuwa ba ya yiwuwa sai an san wanda aka yi maka da farko, kuma a nan ne aka fi yin asara. Mutum ya zo ya ce wata allura ce fara aka yi mini, to duk farare ne. Saboda haka Malam, kafin komai ka koma sashen hoton da aka yi maka, da katinka, ka roƙi a rubuta maka sunan ruwan da ke jikin kwalbar, da ranar, da abin da ya same ka, da maganin da aka ba ka. Ka sa takardar a leda, ka ajiye ta inda kake ajiye takardar gona, ka kuma nuna wa babban ɗanka ko uwargida, don ran da za a kai mutum asibiti ba lallai ne yana iya magana ba.

Shawarar ƙin komawa kuma, ban goyi bayanta ba. Fitsarin jini ba abin zama a gida ba ne, ko tsakuwa ce, ko tsohuwar tsargiya ce ta yi ɓarna, ko wani abin da ya fi su, gara a gani da wuri. Ka gaya wa likitanka abin da ya faru dalla-dalla, domin ba kowane hoto ke bukatar wannan ruwa ba. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, yana nuna ƙoda da mafitsara ba tare da allura ba. Tsakuwar ƙoda ana ganinta a hoton CT ba tare da ruwan ba. Na MRI kuma ba ɗan gidan mai aidin ba ne, wanda ya ƙi wannan yawanci yana karɓar wancan. In likita ya ga lallai sai da ruwan, ka nemi takardar turawa zuwa sashen fata na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a can za a gaya maka inda za a yi gwajin. In kuma an ce a ɗebi jininka kafin hoto, wannan awon ƙarfin ƙoda ne, don ta fitsari ruwan yake fita, yawancinsa cikin kwana guda. Ba shi ne gwajin fata ba, ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya.